Fantasi Firimiya: Yadda ake raba gardama idan 'yan wasa biyu suka yi kunnen doki a ranar zaɓe

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, gidajen kallon ƙwallo na garin Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe sukan koma cika, kamar yadda ake gani a sauran garuruwan Arewa, domin dawowar gasar Firimiyar Ingila. Sai dai a 'yan shekarun nan kallon ya samu abokin tafiya. Ba a rasa wanda idonsa ɗaya ke kan talabijin, ɗayan kuma ke kan waya, yana lissafin makin da 'yan wasansa suka tara masa a wasan nan na Fantasy Premier League, wanda masu bugawa ke kira Fantasi a taƙaice.

Hukumar gasar Firimiya ce ta ƙaddamar da wasan a kakar 2002/03, kuma a yau masu buga shi a duniya sun haura miliyan 10. Kyauta ake shiga. Mutum zai haɗa ƙungiya ta 'yan wasa 15 daga cikin waɗanda ke taka leda a gasar, sai a riƙa ba shi maki gwargwadon abin da suka aikata a fili. A kakar 2017/18 aka ƙaro wani reshe mai suna Draft, wato zaɓen bi-da-bi, wanda a cikinsa ne matsalar da wannan bayani ya shafa ta fi tsanani.

Matsalar kuwa ita ce: layi ya zo kan mutum, agogo yana tafiya, ga 'yan wasa biyu a gabansa waɗanda jadawalin masana ya jera su kusa da juna, ɗaya na 14 ɗaya na 15. Wanne zai ɗauka?

Abin da ya bambanta zaɓen bi-da-bi

A tsarin Fantasi da aka fi sani, ana bai wa kowa kasafin fam miliyan 100 na wasa, kuma mutum miliyan ɗaya za su iya mallakar ɗan wasa ɗaya a lokaci guda. Wanda ya yi kuskure a makon farko yana iya gyarawa a mako na biyu. A zaɓen bi-da-bi babu kasafi, babu farashi, babu kyaftin da ake ninka wa maki. Abokai ne za su haɗu su kafa gasarsu, su sa rana, su riƙa ɗaukar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan wasan da wani ya ɗauka ya haramta ga sauran.

Wannan salo ya samo asali ne daga Amurka, inda wani ɗan kasuwa mai hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, Bill Winkenbach, ya tsara dokokinsa tare da abokansa a 1962, suka yi zaɓen farko a 1963 a kan ƙwallon Amurka ta zari-ruga. Tun daga wancan lokaci tushen wasan bai sauya ba. Abin da mutum ya bari, abokin hamayyarsa ne zai ɗauka, kuma zai yi wata tara yana kallon makin yana shiga aljihun wani, daga Agusta har zuwa Mayu, tsawon makonni 38.

A ɗauka cewa mutum takwas ne suka kafa gasa: malaman makaranta biyu a Tambuwal, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, mai shagon waya, ɗan kasuwar hatsi a Kebbe, da wasu uku da aiki ya kai su birnin Sakkwato. Kowannensu zai ɗauki masu tsaron raga 2, masu tsaron baya 5, 'yan tsakiya 5 da 'yan gaba 3. Jimilla 'yan wasa 120 ke nan za su bar kasuwa a zama ɗaya. Layin kuma tafiyar maciji yake yi: a zagayen farko ana farawa daga na ɗaya zuwa na takwas, a zagaye na biyu a juyo daga na takwas zuwa na ɗaya. Wanda ya samu lamba ta uku zai yi zaɓi na 3, sai na 14, sai na 19, sai na 30. Wannan lissafi zai yi amfani nan gaba.

Jadawali ba ya raba kunnen doki

Jadawalin da masana ke fitarwa kafin kaka hasashe ne. Yana da amfani wajen nuna cewa wanda ke na 5 ya fi wanda ke na 50, amma tazarar da ke tsakanin na 14 da na 15 ba ta kai a dogara da ita ba. Idan an yi hasashen ɗaya zai samu maki 170, ɗayan kuma 165, bambancin maki biyar ne a cikin wasanni 38, wato daidai da ƙwallo ɗaya tak ta ɗan tsakiya. Ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ko wadda na'urar taimaka wa alƙalin wasa ta soke, ta isa ta juya jerin.

Saboda haka tambayar wanda ya fi iya ƙwallo ba ta kai mutum ko'ina a irin wannan hali, domin amsarta ita ce sun yi daidai. Tambayoyin da ke raba gardama guda biyu ne. Ta farko, wanne ne ya fi tabbacin zai kasance a fili mako bayan mako? Ta biyu, wanne ne idan aka bar shi ba za a samu madadinsa ba sa'ad da layi ya dawo? Sauran abubuwan dubawa duk rassa ne na waɗannan biyun.

Minti kafin gwaninta

Dokar makin wasan tana saka wa wanda ya halarta tun kafin ya yi wani abin a zo a gani. Ɗan wasan da ya buga ƙasa da minti 60 yana samun maki 1, wanda ya kai minti 60 ko fiye yana samun 2. Idan ɗan wasa ya fara wasanni 36 ya kuma wuce sa'a guda a kowanne, ya tara maki 72 ko da bai taɓa cin ƙwallo ba. Wanda ya fara 22 aka sako shi daga benci sau 10 zai tashi da 54. Tazarar maki 18 ce, fiye da ƙwallaye uku na ɗan tsakiya, kuma ba a ma lissafa damarmakin da na biyun ya rasa yana zaune ba.

Akwai wata illa da ba kowa ke lura da ita ba. Idan ɗan wasa bai buga ko minti ɗaya ba, manhajar takan maye gurbinsa da wani daga bencin mai ƙungiyar. Amma idan aka sako shi saura minti biyar a tashi, makinsa ɗaya ne zai tsaya, na bencin kuma ko ya ci ƙwallo biyu ya tafi a banza. Tun da gasar Firimiya ta amince da sauya 'yan wasa biyar a kowane wasa daga kakar 2022/23, irin wannan shiga ta ƙarshen lokaci ta ƙaru, haka ma cire ɗan wasa kafin ya cika minti 60.

Manyan ƙungiyoyi masu buga Gasar Zakarun Turai a tsakiyar mako su ne suka fi juya 'yan wasa. Manchester City ta zamanin Pep Guardiola ta yi suna a kan haka, har masu Fantasi suka riƙa kwatanta jerin 'yan wasanta da ƙuri'a. Shi ya sa sau da yawa ɗan wasan da ke da tabbacin gurbi a matsakaiciyar ƙungiya yake tara maki fiye da wanda ya fi shi gwaninta amma yake raba gurbi da mutum biyu a babbar ƙungiya. Alex Iwobi misali ne na kusa. A kakar 2024/25 ya ci wa Fulham ƙwallaye 9 a Firimiya, ya bayar aka ci 6, kuma tushen wannan shi ne kusan kowane mako yana cikin fili.

Tarihin rauni ma yana cikin wannan babi. Wanda shekara uku a jere bai kai wasanni 25 ba, babu dalilin tsammanin zai kai 38 a ta huɗu.

Matsayin da aka rubuta wa ɗan wasa

Ba kowace ƙwallo ce ke da daraja ɗaya ba. Idan ɗan gaba ya ci, maki 4 ne. Ɗan tsakiya 5, mai tsaron baya 6. Wanda ya bayar aka ci yana samun 3 ko a ina yake bugawa. Idan ƙungiya ta tashi ba a zura mata ƙwallo ba, mai tsaron raga da masu tsaron baya da suka kai minti 60 suna samun 4, ɗan tsakiya 1, ɗan gaba kuwa ba ya samun komai. Abin lura shi ne manhajar ce ke rubuta matsayin kowa a farkon kaka, kuma ba ta sauya shi har kakar ta ƙare, ko da kociya ya mayar da ɗan wasan wani wuri.

Kakar 2024/25 ta bayar da misalin da ya fi kowanne fitowa fili. A ƙungiyar Brentford, Bryan Mbeumo ya ci ƙwallaye 20, Yoane Wissa ya ci 19. Ga mai kallo a gidan ƙwallo, tazarar ƙwallo ɗaya ce. Amma an rubuta Mbeumo a matsayin ɗan tsakiya, Wissa kuma ɗan gaba. Ƙwallayen Mbeumo sun ba shi maki 100, na Wissa sun ba shi 76. Tazarar maki 24 ke nan tsakanin mutum biyu da suka sa riga ɗaya, suka buga da abokan hamayya ɗaya.

Kafin su an yi John Lundstram na Sheffield United a kakar 2019/20, wanda aka rubuta a matsayin mai tsaron baya alhali a tsakiya yake bugawa. Ya ci ƙwallaye 5 a kan maki shida-shida, ya kuma riƙa karɓar maki huɗu duk ranar da aka kasa zura wa ƙungiyarsa ƙwallo. Duk lokacin da 'yan wasa biyu suka yi daidai, wanda yake bugawa gaba da matsayin da aka rubuta masa shi ne ke da riba.

Daga kakar 2025/26 an ƙaro wata hanyar samun maki. Mai tsaron bayan da ya haɗa ayyukan tsaro 10 a wasa ɗaya, kamar share ƙwallo da tare ta da ƙwace ta, yana samun ƙarin maki 2. Ɗan tsakiya ko ɗan gaba sai ya kai 12, amma shi ana lissafa masa har da ƙwallayen da ya tsinto bayan sun kuɓuce. Wannan ya ɗaga darajar masu tsaron baya na tsakiya da 'yan tsakiya masu aikin wahala, waɗanda a da ba a waiwayarsu.

Wa ke buga fenariti?

Cikin kowane bugun fenariti huɗu, kusan uku suna shiga raga. Babu wata dama a ƙwallon ƙafa da ta kai wannan sauƙi, kuma mutum ɗaya ne a kowace ƙungiya ke da haƙƙinta. Cole Palmer ya koma Chelsea daga Manchester City a ranar 1 ga Satumba 2023, ya gama kakar da ƙwallaye 22, kuma 9 daga ciki da fenariti ya ci su. Shi ne ya fi kowa maki a Fantasi a wannan kaka da 244. Idan aka cire waɗannan tara, maki 45 sun tafi, ban da ƙarin makin gwarzon wasa da suka jawo masa.

Haka lamarin yake ga bugun kwana da bugun tazara. Mai buga su yana da hanyar bayar da ƙwallo a ci ko da ranar ba ta yi masa kyau ba. Trent Alexander-Arnold ya bayar aka ci sau 13 a kakar 2019/20 yana mai tsaron baya a Liverpool, kuma bugun ƙwallon da aka ajiye yana cikin abin da ya kai shi can. Sai dai a riƙa bincike, domin wannan haƙƙi yana sauya hannu idan an sayo sabon ɗan wasa ko an sauya kociya. Wanda ya ɓarar da fenariti kuma ana cire masa maki 2.

Darasin kasuwa: a fara da abin da zai ƙare

Wannan ita ce tambaya ta biyu, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa saurin fahimtarta. Ɗan kasuwar da ya isa kasuwa yana buƙatar kaya iri biyu, ya tarar ɗaya ya cika rumfuna, ɗayan kuma buhu uku kacal suka rage, ba ya tsayawa auna wanne ya fi daraja. Na ƙarancin yake fara kamawa, domin ya san mai yawan zai jira shi. Masu sayen albasa daga Aliero sun san yadda abu ɗaya ke arha lokacin kaka ya yi tsada bayan watanni, alhali albasar ba ta sauya ba, yawanta ne ya sauya.

A gasar mutum takwas ana buƙatar 'yan gaba 24. Ƙungiyoyin Firimiya 20 ne, kuma mafi yawansu da ɗan gaba ɗaya suke fita. Ke nan tun kafin a fara zaɓe an san cewa 'yan gaba masu tabbacin gurbi ba za su ishi kowa ba. Idan masu gasar sun kai goma, buƙatar ta zama 30, ƙarancin ya ƙara tsanani. Masu tsaron baya kuwa ana buƙatar 40 ne daga cikin kusan 80 da ke fara wasa kowane mako. Masu tsaron raga 16 ake nema daga cikin 20.

Saboda haka idan ɗan gaba da mai tsaron baya suka yi kunnen doki a zagayen farko-farko, ɗan gaban ne ya fi cancanta, domin mai tsaron baya mai kama da wancan zai samu a zagaye na takwas ko na tara, ɗan gaba kuwa ba zai samu ba. Darajar ɗan wasa a wannan tsari ita ce tazarar da ke tsakaninsa da wanda za a samu a madadinsa.

Hanya mafi sauƙi ta aiki da wannan ita ce a raba 'yan wasan kowane matsayi aji-aji kafin ranar zaɓe, maimakon jera su ɗaya bayan ɗaya. Ajin farko na 'yan tsakiya yana iya ƙunsar mutum huɗu, na biyu mutum tara. Idan layi ya zo, sai a duba ajin da ya kusa ƙarewa. A nan ne lissafin tafiyar maciji ke shigowa. Mai lamba ta uku idan ya yi zaɓi na 14, mutum huɗu kawai za a ɗauka kafin layi ya dawo masa a na 19. Idan akwai 'yan tsakiya shida da suka rage a aji ɗaya, da ɗan gaba guda da ya rage a nasa ajin, to ya ɗauki ɗan gaban hankali kwance, domin ko duk zaɓi huɗun da ke tsakani sun faɗa kan 'yan tsakiya, biyu za su rage masa. Amma bayan zaɓi na 19, mutum goma za su tafi kafin na 30, don haka duk wanda ya bari a nan ya yi masa bankwana.

Yana da kyau kuma a riƙa duban abin da maƙwabta a layi suka riga suka ɗauka. Wanda ya cika 'yan gabansa uku ba zai iya ƙara na huɗu ba.

Kalanda: Kofin Afirka da kasuwar 'yan wasa

Akwai rashin halartar da ake iya hangowa tun daga Agusta. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ta kan faɗo a tsakiyar kakar Firimiya. Wadda aka yi a Kwaddebuwa ta gudana daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024, kuma da yake Najeriya ta kai wasan ƙarshe, 'yan wasa irin su Iwobi da Calvin Bassey da Ola Aina sun yi fiye da wata guda ba sa tare da ƙungiyoyinsu. Mohamed Salah ya ji rauni a wasan Masar da Ghana a gasar, kuma bayan wasan ranar 1 ga Janairu bai sake buga wa Liverpool wasan Firimiya ba sai 17 ga Fabrairu. Gasar Maroko kuwa an sanya ta daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, daidai lokacin da wasannin Ingila suka fi cunkushewa.

Wannan ba dalili ba ne na guje wa gwarzo irin Salah, wanda ya kafa tarihin maki 344 a kakar 2024/25 da ƙwallaye 29 da bayarwa 18. Wanda ya yi wa sauran fintinkau ana ɗaukarsa ko zai yi wata guda ba ya nan. Amma a shekarar da gasar ta faɗo cikin kaka, idan mutum biyu suka yi daidai, wanda zai rasa wasanni huɗu ko biyar ya koma baya.

Kasuwar musayar 'yan wasa ma tarko ce, domin galibi ana yin zaɓe kafin a rufe ta. Harry Kane ya ci ƙwallaye 30 a kakar 2022/23, amma ya koma Bayern Munich a ranar 12 ga Agusta 2023, kwana ɗaya kafin wasan farko na Tottenham. Duk wanda ya kashe zaɓinsa na farko a kansa ya tashi a tutar babu. Alexander Isak, wanda ya ci 23 a kakar 2024/25, bai buga wa Newcastle ko wasa ɗaya ba a watan Agustan 2025 saboda takaddamar sauya sheƙa, sai ranar 1 ga Satumba ya koma Liverpool. Idan ana raɗe-raɗin tafiyar ɗan wasa zuwa wata ƙasa, abokin kunnen dokinsa ya fi aminci.

Abubuwan da ke ruɗar mai zaɓe

Na farko shi ne makin bara. Michu ya ci wa Swansea ƙwallaye 18 a kakar 2012/13, a ta gaba kuma 2 kacal ya ci, rauni ya cinye masa kakar. Makin bara labari ne na abin da ya wuce. Abin da ya fi nuna gaba shi ne yawan damarmakin da ɗan wasa ke samu da ingancinsu, wanda masana ke aunawa da ma'aunin xG, wato adadin ƙwallayen da ake tsammanin matsakaicin ɗan wasa zai ci daga irin waɗannan damarmaki. Idan mutum biyu sun ci 12 kowannensu, amma damarmakin ɗaya sun kai na ƙwallo 13, na ɗayan kuma na ƙwallo 7, na farkon ne ya fi yiwuwa ya maimaita.

Na biyu shi ne wasannin share fage da kuma son zuciya. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Lokacin da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma Leicester City daga CSKA Moscow a 2016, ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta a watan Agusta, kuma murna ta cika Arewa. Da aka shiga gasar, ƙwallaye 2 ya ci a wasanni 21 na Firimiya, mafi yawansu daga benci, domin Jamie Vardy da Riyad Mahrez da sauran waɗanda suka ɗauki kofi sun riga sun kama gurabe. Gwanintarsa ba ta cikin shakka, minti ne bai samu ba. Magoyin bayan Arsenal ko Chelsea ko Manchester United da ya cika ƙungiyarsa da 'yan kulob ɗinsa yana cikin irin wannan haɗari, kuma ranar da kulob ɗin ya sha kashi, baƙin cikinsa biyu ne.

Na uku shi ne jerin wasannin farko. A tsarin da ake sauya 'yan wasa kowane mako yana da muhimmanci, amma a zaɓen bi-da-bi manyan 'yan wasa sukan zauna a hannu har ƙarshen kaka, kuma kowace ƙungiya sai ta kara da sauran 19 gida da waje. Sauƙin wasanni biyar na farko ya dace ya raba gardama ne a zagayen ƙarshe-ƙarshe, wajen masu tsaron baya na huɗu da na biyar waɗanda dama za a sauya su. A nan ma a yi hattara da ƙungiyoyin da suka hauro daga ƙaramar gasa. A kakar 2023/24 duka ukun da suka hauro sun koma, Sheffield United ma ƙwallaye 104 aka zura mata, kuma haka aka sake yi a 2024/25 da Leicester da Ipswich da Southampton.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kowane zaɓi yana da ƙayyadadden lokaci na 'yan daƙiƙoƙi, kuma idan ya ƙare manhajar ce za ta zaɓa wa mutum. Tana fara dubawa ne a cikin jerin 'yan wasan da ya ware tun farko, idan babu sai ta bi nata jadawalin. Ga wanda ke ƙauyukan Kebbe ko kan hanyar Tambuwal zuwa Jega, inda sabis ke iya ɗaukewa ba sallama, ko wanda cajin wayarsa ya dogara da zuwan wuta, wannan jeri shi ne wakilinsa. Ya kamata a cika shi a jere bisa fifiko kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a kuma rubuta azuzuwan a takarda, domin takarda ba ta buƙatar data.

Bayan zaɓe ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya. 'Yan wasan da ba a ɗauka ba suna nan, kuma kowane mako ana buɗe layin neman sauyi, inda wanda ke ƙasan tebur yake da fifiko. Ana rufe tsara ƙungiya minti 90 kafin wasan farko na mako. Agogon Najeriya da na Ingila ɗaya ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan kuma Najeriya kan shiga gaba da sa'a guda, abin da ke rikita wasu a kowace shekara. Wannan dama ta gyara tana nufin a zagayen ƙarshe mutum yana iya gwada sa'a a kan matashin da ake hasashen zai fashe, tunda idan bai yi ba za a sauya shi ba tare da asara ba. Zagaye huɗu ko biyar na farko kuwa na tabbas ne, domin ba a samun irin waɗannan 'yan wasa a layin sauyi.

Wasan kansa kyauta ne, kuma abin da ake nema a cikinsa shi ne bakin magana a majalisa. Da zarar an ce kowa ya zuba kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, an fita daga nishaɗi an shiga abin da malamai suka yi hani a kansa, kuma zumuncin da aka kafa gasar dominsa shi ne ke fara lalacewa.

Ga mai neman tsari a taƙaice, idan agogo ya fara tafiya ya bi wannan jeri: ya fara da tabbacin minti, ya duba ajin da ya kusa ƙarewa da yawan zaɓin da ke tsakaninsa da dawowar layi, sannan matsayin da aka rubuta wa ɗan wasa, sannan fenariti da kwana, sannan kalanda. Idan bayan duk wannan har yanzu sun yi daidai, to ya ɗauki wanda zai fi jin daɗin kallo ranar Asabar, ya mayar da hankalinsa kan zaɓi na gaba.